Auren Nesa da Dokar Shige da Fice: Bayani a Kan Ɗaukar Nauyin Miji ko Mata Domin Zaman Dindindin a Ƙasar Kanada

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce garin masoyi ba ya nisa. A zamanin da fatake suke tashi daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro, nisa ba ya nufin kome illa yawan zango da wahalar hanya, kuma duk wanda ya yi haƙuri da tafiya zai iso. A yau kuwa an sami wani irin nisa wanda ƙafa ba ta cin sa, watau shingen da dokokin shige da fice suka gindaya tsakanin ƙasa da ƙasa. Mutum zai ɗaura aure bisa kowane sharaɗi na addini da al'ada, amma ya shekara ko fiye bai zauna da iyalinsa ƙarƙashin rufi ɗaya ba, domin wata hukuma a wata ƙasa ba ta gama gamsuwa da cewa auren nasa aure ne ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan tsarin da ƙasar Kanada take bi wajen barin ɗan ƙasarta, ko mai izinin zama a cikinta, ya ɗauki nauyin matarsa ko mijinta da ke wata ƙasa, har su sami izinin zama na dindindin. An zaɓi Kanada ne saboda yawan 'yan Nijeriya da suka nufe ta a 'yan shekarun nan. Ƙidayar ƙasar ta shekarar 2021 ta nuna cewa kashi 23 cikin 100 na mutanenta baƙi ne da suka zo suka zauna, kuma daga cikin waɗanda suka iso tsakanin 2016 da 2021 Nijeriya ce ta biyar a yawa, bayan Indiya da Filifin da Sin da Siriya. Cikin waɗannan akwai ɗalibai da likitoci da injiniyoyi daga ƙasar Hausa, waɗanda da yawansu gida suke waiwayowa idan lokacin aure ya yi.

Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne: abin da Bahaushe yake kafa aure a kansa, watau waliyyi da shaidu da sanin jama'a, ba shi kaɗai dokar Kanada take nema ba. Ita tana neman halartar ma'aurata da jikinsu, da hujja a rubuce, da lamunin da ba ya warwarewa ko da aure ya mutu. Saboda haka yawancin abin da zai sa a karɓi buƙata ko a ƙi ta, ana gina shi ne tun ranar ɗaurin aure ko kafin nan, tun ba a cika takarda ko ɗaya ba.

2.0 Asalin Tsarin

Kafin shekarar 1962 dokokin Kanada suna fifita Turawa a fili wajen karɓar baƙi. A wannan shekara aka soke mafi yawan wannan bambanci, sa'an nan a 1967 aka kawo tsarin ba da maki, inda ake auna baƙo da iliminsa da sana'arsa da shekarunsa da harshen da yake ji. Dokar shige da fice ta 1976, wadda ta fara aiki a 1978, ita ce ta kasa baƙi gida-gida, ta ware rukunin iyali daban, ta kuma sanya haɗa iyali wuri ɗaya cikin manufofinta. Dokar da ake aiki da ita yanzu an zartar da ita a 2001, ta fara aiki ranar 28 ga Yuni, 2002, kuma ma'aikatar tarayya mai kula da shige da fice da 'yan gudun hijira da zama ɗan ƙasa ce take aiwatar da ita.

Bambancin rukunin iyali da sauran rukunoni yana da muhimmanci. Wanda ya shigo ta hanyar maki, ƙasa ta karɓe shi ne don amfanin da take sa ran samu daga gare shi. Matar da aka ɗauki nauyinta kuwa ba a tambayarta digiri ko sana'a ko jarrabawar Turanci. Dangantakarta da mai ɗaukar nauyin ita ce kaɗai jarinta. Wannan ne dalilin da ya sa hukuma take zuba ido ƙwarai a kan dangantakar, tun da idan ta zamo ta ƙarya babu wani abu da ya rage da za a dogara a kansa.

Ya kamata kuma mai karatu ya lura cewa auren ɗan Kanada ba ya mayar da mutum ɗan Kanada. Abin da ake samu shi ne izinin zama na dindindin, wanda yake ba mutum damar zama da aiki da karatu a ko'ina cikin ƙasar, da sharaɗin ya kasance a cikinta kwana 730 a kowace shekara biyar. Zama ɗan ƙasa sai daga baya, bayan mutum ya cika kwana 1,095 a ƙasar cikin shekara biyar da suka gabaci neman nasa.

3.0 Wane Ne Zai Iya Ɗaukar Nauyi?

Mai ɗaukar nauyi dole ya kai shekara 18, ya kasance ɗan ƙasa, ko mai izinin zama na dindindin, ko wanda aka yi wa rajista cikin 'yan asalin ƙasar na farko. Ɗalibi mai takardar karatu da ma'aikaci mai takardar aiki ta ɗan lokaci ba sa cikin wannan lissafi. Akwai kuma bambanci tsakanin ɗan ƙasa da mai izinin zama dangane da wurin da suke zaune. Ɗan ƙasa yana iya shigar da buƙata alhali yana zaune tare da matarsa a Abuja ko Yamai, muddin ya nuna hujjar cewa zai koma Kanada da zarar an ba ta izini. Mai izinin zama kuwa tilas ya kasance yana cikin Kanada. A nan ne tushen auren nesa yake ga mutane da yawa: doka ta ɗaure miji a can, ta kuma bar mata a nan, har sai an gama bincike.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a galibin lokuta ba a gindaya wa mai ɗauko miji ko mata wani adadin albashi ba, saɓanin wanda yake son ɗauko iyaye ko kakanni. Amma akwai abubuwan da suke hana mutum. Wanda yake karɓar tallafin talauci daga gwamnati ba zai iya ba, sai fa idan tallafin na naƙasa ne. Haka wanda kotu ta ayyana ya karye a kan bashi kuma ba ta sallame shi ba, da wanda yake kurkuku, da wanda ya ƙi biyan kuɗin ciyarwa da kotu ta ɗora masa, da wanda aka taɓa samu da laifin cin zarafin iyali ko laifin lalata. Daɗin daɗawa, tun daga Maris na 2012, wanda shi kansa ta hanyar aure ya sami izinin zama ba zai ɗauki nauyin wata sabuwar mata ba sai ya cika shekara biyar da samun izinin. An kawo wannan ne don toshe hanyar masu yin aure su shiga ƙasa, su saki, su ɗauko wadda suke so tun farko.

4.0 Alkawarin Lamuni

Zuciyar tsarin gaba ɗaya ita ce wata takarda da mai ɗaukar nauyi yake sa wa hannu, inda yake yi wa gwamnati alkawarin zai ɗauki ci da sha da tufafi da wurin kwana na wanda ya ɗauko, har da lafiyar da inshorar gwamnati ba ta biya, kamar ta haƙori da ido. Wa'adin alkawarin ga miji ko mata shekara uku ne daga ranar da aka sami izinin zama. Ga yaron da bai kai shekara 22 ba kuwa shekara goma ne, ko har ya kai 25, duk wanda ya riga zuwa.

Kalmar da ta fi dacewa da wannan a Hausa ita ce lamuni, irin wanda dillali yake tsaya wa baƙo a kasuwa. Idan wanda aka ɗauko ya je ya karɓi tallafin talauci cikin wa'adin, gwamnati za ta bi mai lamunin bashin duk abin da ta kashe, kuma ba zai sake ɗaukar nauyin kowa ba sai ya biya. Abin lura shi ne, wannan alkawari ba ya faɗuwa don an rabu, ko don an yi saki, ko don mai lamunin ya rasa aikinsa, ko don wanda aka ɗauko ya koma wani lardi. A shari'ar Musulunci ciyar da mace yana ƙarewa ne da ƙarewar idda, in ban da abin da ya shafi 'ya'ya. A nan kuwa mutum zai saki mace bayan wata shida, amma ya ci gaba da zama mai lamuninta a wurin hukuma har shekara biyu da rabi. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce alkawari kaya ne.

5.0 Ire-iren Dangantaka da Hanyoyin Nema

Doka ta san dangantaka iri uku. Ta farko ita ce aure, da sharaɗin ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, ya kuma inganta a dokar tarayyar Kanada. Tun da Nijeriya ta amince da auren rajista da auren al'ada da auren Musulunci, auren da aka ɗaura a masallaci yana iya shiga, muddin akwai takardar shaida da za a dogara da ita. Ta biyu ita ce zaman tare ba tare da ɗaurin aure ba na tsawon wata 12 a jere, abin da Bahaushe zai kira zaman dadiro, amma wanda dokar can take ba shi matsayi kusa da na aure. Ta uku ita ce ta masoyan da suka shekara aƙalla cikin dangantaka irin ta ma'aurata, amma wani babban shinge, kamar doka ko yaƙi, ya hana su aure ko zama tare. Wannan ta ukun ƙofa ce ƙarama ƙwarai, kuma nisa kaɗai ko tsadar kuɗin jirgi ba sa buɗe ta. Alkawarin aure, watau baiko ko sa rana, ba ya cikin ko ɗaya daga cikin ukun.

Hanyoyin nema kuma biyu ne. Akwai nema daga waje, wanda shi ne na masu auren nesa, inda mata take ƙasarta ana duba takardunta. Akwai nema daga ciki, na ma'auratan da suke zaune tare a Kanada, misali matar ta shigo da bizar ziyara ko ta karatu. Babban bambancinsu yana bayyana ne idan an ƙi buƙata. Wanda ya nema daga waje yana da damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 30 zuwa sashen ɗaukaka ƙara na hukumar shige da fice da 'yan gudun hijira, inda za a saurari shari'ar sabuwa, a karɓi sababbin hujjoji. Wanda ya nema daga ciki ba shi da wannan dama, sai dai ya roƙi Kotun Tarayya ta duba ko jami'in ya bi ƙa'ida wajen yanke hukunci.

Tun daga Satumba na 2022 ta intanet ake shigar da buƙata. Ana haɗa takardun mai ɗaukar nauyi da na wanda za a ɗauko wuri ɗaya, a fara tantance na farko, sa'an nan a koma kan na biyu. Za a nemi gwajin lafiya a wurin likitan da hukumar ta amince da shi, da hoton yatsu, da takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sanda na duk ƙasar da mutum ya zauna wata shida a jere tun da ya cika shekara 18. A ƙarin kuɗin da aka yi a Afrilu na 2024, jimlar kuɗin neman miji ko mata ta kai dalar Kanada 1,205, ban da dala 85 na hoton yatsu, kuma akan sake duba waɗannan kuɗaɗe bayan kowace shekara biyu. A Disamba na 2016 ministan shige da fice na lokacin, John McCallum, ya sanar da cewa ma'aikatar za ta riƙa kammala yawancin irin wannan buƙata cikin wata 12. Wannan ma'auni ne da ma'aikatar ta sa wa kanta, kuma an sha wuce shi.

Lardin Kebek, inda masu jin Faransanci kamar mutanen Nijar sukan fi nufa, yana da nasa tsari bisa yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin tarayya a 1991. Mai zama a can sai ya sake sa hannu a wani lamunin da gwamnatin lardi. A Yuni na 2024 lardin ya ƙayyade yawan buƙatun iyali da zai karɓa cikin shekara biyu zuwa 13,000, abin da ya ƙara wa mazauna can tsawon jira.

6.0 Ma'aunin Gaskiyar Aure

Sashe na 4 na ƙa'idojin dokar ya ce ba za a ɗauki mutum a matsayin miji ko mata ba idan an ƙulla auren ne musamman don samun izinin zama, ko kuma idan auren ba na gaskiya ba ne. Kafin Satumba na 2010 sai abubuwan nan biyu sun haɗu kafin a ƙi buƙata. Daga wannan lokaci ɗaya daga cikinsu ya isa. Ma'anar wannan ita ce, auren da aka fara don takarda, ko da daga baya ƙauna ta shiga har an haihu, ana iya ƙin sa saboda niyyar farko. Nauyin kawo hujja kuma yana kan masu nema. Hukuma ba ta buƙatar tabbatar da cewa ƙarya suke yi, su ne za su gamsar da ita cewa gaskiya suke faɗi.

Ma'auratan da suke gida ɗaya suna da hujjoji a hannu: takardar haya da sunansu biyu, asusun banki na tarayya, wasiƙu masu adireshi ɗaya. Masu auren nesa ba su da ko ɗaya. Abin da za su nuna shi ne tarihin dangantakarsu: yaushe suka fara haɗuwa, wa ya haɗa su, sau nawa mijin ya zo gida, da hatimin fasfo da tikitin jirgi masu tabbatar da haka, hotunan biki da na dangin ɓangarorin biyu, rasit na kuɗin da yake aikowa, da samfurin saƙonni da kiraye-kirayen waya da suka nuna ba a yanke zumunci ba. Tsakanin Kano da Toronto akwai ratar awa shida a lokacin hunturunsu, awa biyar a lokacin bazararsu, don haka sau da yawa hirar ma'aurata takan faɗo ne bayan ya tashi daga aiki, ita kuwa dare ya raba. Irin wannan hira ta tsakar dare, wadda ba a yi ta don kowa ya gani ba, ita ce daga baya take zama shaida a gaban baƙo. Idan da Hausa aka yi ta sai an fassara ta zuwa Turanci ko Faransanci, kuma ba a karɓar fassarar mai nema ko ta danginsa.

Idan jami'i bai gamsu da takardu ba yakan kira mai nema ganawa. Tambayoyin na rayuwar yau da kullum ne: wane aiki mijinki yake yi, nawa ne albashinsa, da wa yake zaune, mene ne sunayen 'yan'uwansa, yaushe kuka yi magana ta ƙarshe. Amsoshin za a gwada su da abin da aka rubuta a takarda da abin da mijin ya faɗa.

7.0 Inda Al'adar Hausa da Dokar Suka Saɓa

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari, domin akwai al'adu huɗu da a wurinmu ba su da aibi ko kaɗan, amma suna iya jawo cikas.

Na farko, kuma mafi girma, shi ne wakilci. A ƙasar Hausa waliyyin amarya ne yake bayarwa, wakilin ango ya karɓa, a gaban liman da shaidu, a ambaci sadaki, a yi fatiha, a raba goro. Ko ango yana wata uwa duniya aure ya ɗauru. Amma tun daga Yuni na 2015 ƙa'idojin Kanada suka daina amincewa da auren da aka ɗaura alhali ɗaya daga cikin ma'aurata, ko dukansu, ba su halarta da jikinsu ba, ko ta wakili ne, ko ta waya, ko ta intanet. Togaciyar da aka yi ta shafi sojojin Kanada ne kawai da aiki ya hana su halarta. A ɗauka wani saurayi yana aiki a Kalgari, bai sami hutu ba, sai ya aiko da sadaki, kawunsa ya karɓa masa aure a Zariya, shi kuwa ya zo bayan wata uku aka yi biki. A addini da al'ada da dokar Nijeriya matarsa ce. A ƙa'idar Kanada ba ta cikin rukunin iyali, kuma tun da haka ne, sashen ɗaukaka ƙara ba shi da ikon duba lamarin ta fuskar tausayi. Wata hanyar da ta rage musu ita ce su zauna tare wata 12 a jere, su nema a matsayin masu zaman tare, watau mutanen da suka yi aure na sunna su shiga ta ƙofar waɗanda ba su yi ba. Har ila yau, tun da bisa al'ada amarya tana cikin gida ne lokacin da maza suke ɗaurin aure a masallaci ko ƙofar gida, hikima ce a tsara ranar yadda za a iya nuna cewa ita da angon duka sun halarta, a kuma sami sa hannunsu a takardar aure.

Na biyu shi ne auren mace fiye da ɗaya. Sashe na 293 na dokar manyan laifuka ta Kanada ya haramta shi, kuma ƙa'idojin shige da fice ba sa ɗaukar mace a matsayin mata idan lokacin da aka ɗaura aurenta mijin yana da wata. Ke nan uwargida ce kaɗai doka ta sani. Sakin uwargida daga baya ba ya gyara auren amarya da aka ɗaura tun tana nan.

Na uku shi ne kunya da kawaici. Mace Bahaushiya mai tarbiyya ba ta kama sunan mijinta, ba ta tambayar albashinsa, ba ta yabonsa a gaban baƙo, kuma sunkuyar da kai a wurinta ladabi ne. Jami'in da bai san wannan ba yana iya fassara shirunta da rashin sanin mijin, sunkuyawarta da ɓoye gaskiya. Haka auren haɗi da auren zumunci. Dokar Kanada ba ta hana auren da iyaye suka shirya ba muddin da yardar ma'aurata, ba ta kuma hana auren 'ya'yan wa da ƙani ba. Sai dai gajeren lokaci tsakanin haɗuwa da aure, ko ratar shekaru mai yawa, abubuwa ne da sukan jawo tambaya. Maganin wannan shi ne a yi bayanin al'adar dalla-dalla a rubuce, kada a ɗauka mai karantawa ya san abin da kowane yaro a Katsina ya sani.

Na huɗu shi ne shekaru. A Yuni na 2015 aka ɗaga mafi ƙarancin shekarun wanda za a ɗauki nauyinsa a matsayin miji ko mata daga 16 zuwa 18.

8.0 Sakamakon Ɓoye Gaskiya

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sashe na 40 na dokar ya tanadi cewa duk wanda ya ba da bayanin ƙarya, ko ya ɓoye wani abu mai muhimmanci, za a hana shi shiga ƙasar shekara biyar. Kafin Nuwamba na 2014 shekara biyu ne. Laifin yana hawa kan mai nema ko da wani ɗan kamasho ne ya cika masa takardun. Akwai kuma wani tarko da ya kama mutane da yawa. Wanda ya yi aure kafin a ba shi nasa izinin zama, amma bai ambaci matar ba don kada a jinkirta masa, ƙa'ida ta hana shi ɗaukar nauyinta daga baya, domin ba a bincike ta ba a lokacin da ya kamata. A 2019 an kawo sassauci na ɗan lokaci ga wasu rukunoni kamar 'yan gudun hijira, amma bai haɗa da waɗanda suka shiga ta hanyar maki ba. Gaggawar wata biyu ta kan jawo rabuwar da ba ta da ranar ƙarewa.

9.0 Zaman Jira da Haƙƙin Wanda Aka Ɗauko

Shin mata za ta iya ziyartar mijinta kafin a gama? Sashe na 22 na dokar ya yarda mutum ya kasance da niyya biyu, watau yana neman zaman dindindin kuma yana neman bizar ziyara. Amma dole jami'i ya gamsu cewa za ta fita idan wa'adin ziyara ya cika, abin da yake da wuyar nunawa ga wadda mijinta yake can. A Mayu na 2023 ministan lokacin, Sean Fraser, ya sanar da matakan hanzarta irin wannan biza da ba da izinin aiki ga masu jira a cikin ƙasar.

Jiran kansa jarrabawa ne. Amarya takan zauna gidan iyayenta ko na surukai, ba budurwa ba, ba kuma mai ɗakin kanta ba, 'yan unguwa suna tambaya yaushe za a tafi. Ba a banza malaman fiƙihu suka ba mace damar kai kuka gaban alƙali idan rashin miji ya tsawaita har ya cutar da ita ba. Wajibi ne iyaye su san tsawon wannan jira tun kafin su sa rana.

Bayan isa kuma, ya kamata wadda aka ɗauko ta san matsayinta. A Oktoba na 2012 an kawo sharaɗin cewa sababbin ma'aurata marasa 'ya'ya sai sun zauna tare shekara biyu, in ba haka ba a janye izini. Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata suka yi ta kukan cewa sharaɗin yana tilasta wa mata zama da masu dukansu, aka soke shi a Afrilu na 2017. Saboda haka wadda ta sami izininta ta hanyar aure na gaskiya ba ta rasa shi don auren ya mutu, kuma miji ba shi da ikon sa a kore ta. Barazanar da wasu maza suke yi cewa su suka kawo mace su za su mayar da ita ba ta da tushe a doka.

10.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa ɗaukar nauyin miji ko mata zuwa Kanada yana tsaye ne a kan abu uku: cancantar mai ɗauka da lamunin da ya yi, ingancin auren a dokokin ƙasashen biyu, da hujjar cewa auren na gaskiya ne. Na farkon yana bin mutum shekara uku ko da an rabu. Na biyun ana yanke shi ne ranar ɗaurin aure, kuma kuskuren wannan rana yana da wuyar gyara. Na ukun ana tara shi ne kullum, cikin ziyara da aike da hira.

Tun ran gini ran zane. Saurayin da yake can kuma yake nufin aure a gida ya nemi hutu ya zo da kansa, ya faɗi gaskiyar halinsa a kowace takarda, ya adana duk abin da zai zama shaida. Iyayen yarinya kuma su tambayi irin takardar zaman da manemin 'yarsu yake da ita, su tambaya ko yana da wata matar, domin amsar waɗannan tambayoyi biyu ita za ta nuna ko 'yarsu za ta tare a ɗakinta ko za ta daɗe tana jira. Ga mu ɗaliban harshe da al'ada kuwa akwai aiki a gabanmu, domin fassarar takardun aure da bayyana ma'anar wakilci da kunya da auren zumunci ga waɗanda ba su san su ba aiki ne na masana Hausa, kuma zaman wasu iyalai wuri ɗaya ya dogara a kan yadda aka yi shi.